Tsohuwa da Walƙiya

A ofis ɗinmu ba mai kirana da sunana. Uwar Tsohuwa ake ce min, alhali ni ba haihuwarta na yi ba, rubuta ta na yi.

Kamfaninmu yana yin manhajar da ƙananan asibitoci ke aika hoton ƙashi da na ƙirji zuwa ga likitan da ke wani gari. Hotunan nan nauyi gare su, intanet ɗin asibitocin kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Dole sai an matse hoto ya ƙanƙance kafin ya tafi, kuma a matse shi ba tare da 'yar tsagar da likita ke nema a jikin ƙashin ta ɓace ba. Ɓangaren da ke wannan matsin ni na rubuta shi, tun kamfanin yana ɗaki ɗaya da fanka mai kuka da kujerun roba. Da ya daɗe yana aiki sai abokan aiki suka laƙaba masa Tsohuwa, ni kuma na zama uwarta.

Ba wanda ya taɓa ce min sannu a kanta. Abin da ke aiki ba a tunawa da shi sai ranar da ya tsaya, ita kuwa ba ta taɓa tsayawa ba. Na saba da hakan, ko kuma na ɗauka na saba.

Sai ga ƙanina.

Shi ne autanmu, kuma Auta kowa ke ce masa, har da mutanen da suka girme shi da wata biyu. Ni na koya masa wannan sana'a. A kan Tsohuwa ya koyi karanta kod, wato rubutun da muke ba kwamfuta umarni da shi, yadda ake koyon tuƙi da tsohuwar motar gida, a goge ta nan a buga ta can. Ya girma, ya tafi karatu, ya dawo da ɗan siririn gemu da jakar goyo, ya zauna a ɗakinsa ya rubuta nasa laburaren matse hoto, ya sa a intanet kyauta, kowa ya ɗauka. A wurinmu laburare ba ɗakin littattafai ba ne. Kod ne da wani ya riga ya rubuta ya gama, kai kuma ka ɗauko ka jona da naka don kada ka sake shan wahalar da ya sha. Ya sa wa nasa suna Walƙiya. Tun daga sunan ma ka san yaron bai san kunya ba.

Wata safiya Manaja ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai tumbi da son sabon abu, in ya ji wata kalma a taro sai ya shekara yana tauna ta.

"Malama, ashe yaron nan da ake ta maganarsa ƙaninki ne? Ciki ɗaya? Kuma kika yi shiru?"

"Ba a tambaye ni ba, Yallaɓai."

"To ga aiki ya same ki. Ki jona mana Walƙiya a ginin manhajarmu, mu gwada ta na ɗan lokaci. In ta yi, sai mu yi wa Tsohuwa ritaya. Ta huta, ke ma ki huta."

Ni dai ban tuna ranar da na ce masa na gaji ba.

"Tsohuwar fa, in cire ta yanzu?"

"A'a, bar ta a wurinta tukuna, sai mun ga kamun ludayin sabuwar."

Na fito ina murmushi, irin wanda ake yi da haƙora kawai. Ka ga aikin duniya: wuƙar da za a yanka maka akuya da ita, kai za a ba ka ka wasa.

Dalilin da ya sa aikin ya faɗo kaina shi ne ni ke riƙe da fayil ɗin gini. Manhaja ba dunƙule take ba, gutsattsari ce, kamar riga kafin ɗinki. Fayil ɗin gini shi ke faɗin gutsattsarin da za a kawo, layi bayan layi, sai wani shiri da muke kira linka ya bi ya ɗinke su su zama abu ɗaya. Kowa a ofis tsoron fayil ɗin nan yake ji. In an taɓa shi ba daidai ba, komai sai ya ƙi tashi. Shi ya sa suka bar min shi, yadda ake bar wa babbar 'ya wankin tukunyar da ta ƙone.

Auta ya zo da kansa ranar da za a jona. Ya gaida kowa har da mai gadi, ya ja kujera kusa da ni, ya ɗora haɓa a hannu kamar da can.

"Yaya, ba wahala fa. Na sa wa ayyukanta sunaye iri ɗaya da na Tsohuwa, don kada ki canza komai a sauran wuraren. Layi ɗaya za ki ƙara, shi ke nan."

"Ka kyauta."

"Sai dai tana buƙatar sabon kamfaila. Wanda kuke da shi ya tsufa."

Kamfaila shi ke juya abin da muka rubuta ya zama abin da na'ura ke ganewa, kuma sabo ya fi tsoho iya tsara aikin ya yi sauri. Shekara da shekaru ina roƙon Manaja ya bar ni in sabunta namu. Kullum amsarsa ɗaya: "Malama, motar da ke tafiya ba a buɗe mata bonet." Ran nan Auta ya leƙa ofishinsa ya faɗi maganar a tsaye, hannu a aljihu. Kafin ya rufe baki Manaja ya ce, "Me ake jira? A sabunta mana!" Wani in ya yi rawa kuɗi ake ba shi, wani in ya yi duka yake sha.

Na sabunta. Na buɗe fayil ɗin gini, na gangara ƙasa, na rubuta layin Walƙiya a ƙarshe, inda kowa ke rubuta sabon abu. Layin Tsohuwa yana sama, inda yake tun farkon duniya. Na danna gini. Ya tafi sumul, ko tari bai yi ba.

Manaja yana da hanyar gwajinsa. Ya taɓa zamewa a banɗaki ya karya wuyan hannu, tun daga lokacin hoton karayar ya zama ma'aunin kamfani. Duk abin da muka yi, da wannan hoton guda ɗaya yake auna shi. Mun san ƙasusuwan hannun mutumin nan fiye da yadda matarsa ta san su. Ya zo ya tsaya a bayana, ya miƙo yatsa ya danna. Hannun ya matsu ya wuce kafin ƙiftawar ido.

"Kai! Kun gani? Kun gani ko? Walƙiya ke nan, ba ƙarya!"

Aka taso daga tebura. Dogo, mai gwajin manhajarmu, wanda bai daɗe da zuwa ba kuma ba ya yarda da komai sai ya auna, ya koma ya zuba mata hotuna tuli. Ya dawo yana gyaɗa kai. Saurin gaskiya ne, ba idon Manaja ba ne. Aka yi ta buga kafaɗar Auta. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, yana cewa ai ba wani abu ba ne. Na lura ya kalle ni sau ɗaya, wani irin kallo, sannan ya kawar da ido. Na ɗauka kallon nasara ne.

Daga nan rayuwa ta zama Walƙiya. Asibitoci suka bugo waya suna cewa me kuka yi ne, hoto yanzu ba ya sa mu jira. Manaja ya riƙa amsawa da kansa, yana faɗin sunan da ƙarfi don a ji a ɗakinmu. Aka gayyato Auta ya yi mana bayani a ɗakin taro, ni ina zaune a layin baya da biro a hannu, ina sauraron abubuwan da ni na faɗa masa yana cin gyaɗa a kan gadona. Manaja ya sa aka kawo masa shayi a kofinsa na tangaran, wanda ko mataimakinsa bai isa ya taɓa ba.

Kishi nake yi. Ba sai an tambaye ni ba, kuma ba zan sa masa riga in kira shi da wani suna ba. Ko sunan Walƙiya ba na son ji. Na fara ƙin ruwan sama saboda abin da ke zuwa kafinsa. Ina son yaron nan, ni na goya shi, ni na raka shi makaranta yana kuka. Amma a lokacin da zan ga gemun nan nasa ya kama da wuta, sai na tsaya na ɗan yi tunani kafin in nemo ruwa.

A gida abin ya fi muni. Mama ba ta san kod ba, ba ta san laburare ba, wayarta ma Auta ke saita mata. Amma labari ya kai mata, kuma ta gyara shi yadda ya yi mata daɗi.

"Auta ne ya je ya gyara musu abin da ya gagare su shekara da shekaru," haka na tarar tana gaya wa maƙwabciyarmu ta kan katanga. Da ta gan ni sai ta ƙara da cewa, "Ke ma ki riƙa tambayarsa abin da ba ki gane ba. Ilimi ba a girma yake ba."

"To, Mama."

Ba sabon abu ba ne. Tun muna yara ni ke shiga kicin in sha hayaƙi, in an gama sai a ba Auta tire ya kai wa Baba. Baba ya buɗe kwano, ya shaƙi ƙamshi, ya dafa kan yaron ya ce Allah ya yi maka albarka. Ni ina bakin ƙofa da ludayi a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana cikin haka Manaja ya sanar cewa gwaji ya yi kyau, mako mai zuwa za a yi ɗan zama a yi wa Tsohuwa sallama. Har ya sa a sayo lemo.

Ran nan da rana, ana zafi, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗigar ruwa a bokitin da muka tara mata, sai Dogo ya kira ni.

"Uwar Tsohuwa, zo ki ga wani abu. Ba matsala ba ce, amma ban gane ba."

Hoton ƙashin baya ne, dogo tun daga wuya har ƙugu, irin wanda ba kasafai ake aiko mana ba. Ya nuna min can ƙasa ta hagu, a wajen jikin mutumin, cikin baƙin gefe. Wani ɗan zare ne mai ruwan toka, siriri, bai kai tsawon farce ba.

"Walƙiya ce ke barin wannan. In gaya wa ƙaninki?"

Na san zaren nan. Na san shi yadda uwa ta san tabon da ke bayan kunnen ɗanta. Kuskurena ne, na tun farkon fari, wanda ba ya fitowa sai hoto ya yi tsawo sosai. Ba ya taɓa ƙashi, ba ya cutar da kowa, shi ya sa kullum nake cewa gobe zan gyara. A zatona ba wanda ya san da shi a duniya sai ni.

"Bar shi, zan duba," na ce wa Dogo.

Na koma teburina. Na sa linka ya fito min da rahoton abin da ya ɗinka. Na karanta, na goge gilashina, na sake karantawa. Ko zare ɗaya na Walƙiya babu a cikin manhajar.

Abin a fili yake, har da ban haushi. Linka daga sama yake karanta fayil ɗin gini zuwa ƙasa. In yana neman aiki mai wani suna, wanda ya fara cin karo da shi yake ɗauka, ba ya ƙara waiwayar na ƙasa. Auta ya sa wa ayyukansa sunayen na Tsohuwa. Tsohuwa tana sama. Duk abin da linka ya nema a wurinta ya samu, da ya iso kan Walƙiya ba sauran abin nema, sai ya wuce ta kamar bai gan ta ba. Saurin da ake ta kururutawa, Tsohuwata ce da sabon kamfaila, wanda na yi shekaru ina roƙo. Wayoyin asibitoci, tafin ɗakin taro, shayi a kofin tangaran, duk nata ne. Duk nawa ne.

Na tashi na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na buɗe famfo, na yi dariya har da hawaye. Da tsohuwar zuma ake magani! Na faɗa wa madubi sau ba adadi.

Da na dawo sai zuciya ta ce min, ai ba ki gama ba. Ki gwada ta gasken ki ga faɗuwarta da idonki. A kwamfutata ni kaɗai, na ɗaga layin Walƙiya sama, na sake gini, na zuba mata hotunan Dogo. Hoton farko ta yi jim, kamar mai ɗaura ɗamara, har na fara murna. Daga na biyu ta saki jiki. Ta wuce Tsohuwa. Ba wucewar a zo a gani ba, amma ta wuce ta, kuma na maimaita har na gaji ban ga ranar da ta bari an kamo ta ba. Na ba ta dogon ƙashin bayan nan. Gefen ya fito baƙi ƙirin, babu zare.

Dariyar ta koma ciki. Yaron ya iya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Amma na ce ko ba komai ina da abu ɗaya a hannu: yabon da ya sha, a kwanona ya sha shi. Zan faɗa a gaban kowa ranar lemon nan. Kafin nan kuma zan faɗa masa shi kaɗai. Kada a ɗauka tausayi ne. So nake in ga fuskarsa a natse, ba tare da kan wani ya tare min ba.

Ƙarshen mako na je gidan Mama da la'asar. Na tarar da shi a falo, zaune a ƙasa ya jingina da kujera, yana share mata hotunan da suka cika waya. Mama tana kicin, ana jin ƙarar murfin tukunya. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa, na gyara mayafi, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tun a mota nake tsara yadda zan faɗa.

"Auta, ka san abin da ke gudu a cikin manhajarmu kuwa?"

"Tsohuwa," ya ce. Ko kai bai ɗaga ba.

Na ji kamar na taka matakalar da babu.

"Me ka ce?"

"Tsohuwa ce, Yaya." Ya ajiye wayar, ya leƙa ƙofar kicin, ya rage murya. "Tun ranar farko na gane. Walƙiya tana ɗan jinkiri a hoton farko, ban gama gyara wannan ba. Da Manaja ya danna hannunsa ya wuce fit, na san ba ita ba ce."

"Kuma ka yi shiru?"

"To me zan ce? Ke fa kika koya min tsarin layukan nan da bakinki. Har ranƙwashi na sha a kai. Kika ce na sama shi ke ci, kada in taɓa mantawa." Ya yi ɗan murmushi mai taushi, irin wanda ake yi wa mara lafiya. "Na san ba mantuwa kika yi ba. Na ce ba ki shirya rabuwa da ita ba ne, bari in ba ki lokaci."

Sai da maganar ta zagaya kaina kafin ta zauna.

"Tsaya. Kana nufin da gangan na yi?"

"Ni ban ce komai ba fa, Yaya. Kuma wallahi ba mai ji a bakina."

Ka ji inda ya ajiye ni. In na yi shiru, na zama mai ha'inci da ƙaninta ya rufa wa asiri. In na rantse ban sani ba, na zama malamar da ta manta darasin da ta yi ranƙwashi a kansa. Na zo da wuƙata a wase, na tarar ya riga ya shimfiɗa min tabarmar tausayi. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

"Yabon fa?" na ce. "Shi ma don ni ka shanye shi? Ya yi maka daɗi?"

"Nauyi ya yi min. Amma in na ce ba tawa ba ce, tambaya ta gaba ita ce wa ya rubuta fayil ɗin." Ya kalle ni. "Yaya, gaskiya Tsohuwa ta burge ni. Ban ɗauka za ta yi gudu haka ba. Aiki ne mai kyau, wallahi."

Shekara da shekaru ina jiran wani ya faɗi wannan magana. Da ta tashi zuwa, sai ta fito daga bakin da ba na son ji.

Mama ta leƙo da cokali a hannu. "Me kuke ƙus-ƙus? Ke, kada ki takura masa da tambaya, yau hutu yake yi."

Ban tsaya cin abinci ba.

Ranar aiki ta farko na riga kowa zuwa, mai shara ma bai gama goge tebura ba. Na buɗe fayil ɗin gini. Ban ɗaga Walƙiya sama ba, layin Tsohuwa na goge ɗungurungum. Ba zan zauna a inuwar alfarmar yaron da na yi wa wanka ba. In ritaya ce a yi ta gaske, in tasa ta fi, to ta fi. Na gina, na tura, na zauna ina kallon wurin da layin yake.

Da hantsi Manaja ya shigo da wani baƙo daga wani asibiti, yana so ya nuna masa abin mamaki. Ya tsaya a kwamfutar Dogo, ya ɗauko hannunsa mai karaya, ya danna. Walƙiya ta yi jim ɗin nan nata na hoton farko. Numfashi ɗaya ne, bai fi ba. Amma Manaja ya riga ya buɗe baki zai ce kun gani, sai bakin ya tsaya a buɗe.

Ya sallami baƙon da fara'a, ya dawo babu ita.

"Wa ya taɓa abin nan?"

Dogo ya duba. A wurinmu duk canjin da aka yi yana ɗauke da sunan mai shi. Ya juyo ya kalle ni.

"Ni ce, Yallaɓai. Bari in yi maka bayani. Ka gwada hoto na biyu ka ga..."

"Ba ni da hannu na biyu da ya karye, Malama." Wani ya yi dariya ya haɗiye. Manaja ya matso, ya sassauta murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba. "Na san abin da ciwo. Shekaru kika yi a kan taki. Amma yaron nan jininki ne, abin alfaharinki ne. Kada ki bari shaiɗan ya shiga tsakani. Abu yana tafiya lafiya lau, daga kin sa hannu ya fara ɗingishi. Me kike so mutane su ce?"

Kowa ya zuba min ido.

Rahoton linka yana nan a kwamfutata, dannawa ɗaya ne. Na kai hannu kan linzamin kwamfutar. Sai na ga abin da zai biyo baya tiryan-tiryan. Zan ce duk makonnin nan ba Walƙiya ke aiki ba. Zai ce wa ya jona ta. Zan ce ni. Zai kalle ni irin kallon da Auta ya yi min, sai dai nasa babu tausayi a ciki. Ƙanina da ya san ni tun yana zanen goyo bai yarda kuskure ba ne, balle mutumin da ke auna duniya da wuyan hannunsa.

"Ki mayar da shi yadda yaron nan ya bar shi," in ji Manaja. "Yanzu, ina tsaye."

Na mayar. Na rubuta layin Tsohuwa harafi bayan harafi, a sama, inda yake. Manaja yana kallon allon, amma da fayil ɗin gini da rubutun likita duk ɗaya ne a wurinsa. Gini ya gama. Ya danna. Hannun ya wuce fit.

"Yawwa! Walƙiya ta dawo hayyacinta." Ya juya ga sauran. "Daga yau ba mai ƙara taɓa fayil ɗin nan sai da izinina."

Abin da na yi ta roƙo a zuci ke nan, kada a cire min ita. Ga shi an amsa, har da dokar da za ta tsare ta.

An yi zaman sallamar kamar yadda aka shirya. Aka jera lemo da biskit a teburin ɗakin taro, aka kunna babban allo yana nuna hotunan da ke wucewa daga asibitoci, don a ga Walƙiya tana aiki. Manaja ya yi jawabi. Ya ce Tsohuwa ta yi iya ƙoƙarinta a zamaninta, amma kowane zamani da nasa. Ya ce ni mace ce mai haƙuri, wanda na gane nufinsa sarai. Auta ya tashi ya zuba lemo, ya tsallake Manaja, ya kawo min kofin farko da hannu biyu.

"Ba komai, Yaya," ya ce a hankali.

Na karɓa. A bayansa, a kan allo, wani dogon ƙashin baya ya shigo, ya matsu, ya tafi. Can ƙasa ta hagu ga ɗan zarena mai ruwan toka. Na so in miƙe in nuna shi da yatsa in ce ku duba, tawa ce, ni na yi ta, har kuskuren nawa ne. Na ɗaga ido sai na ga Auta ma wurin yake kallo. Ya juyo, ya ɗan gyaɗa min kai.

Duk ɗakin, mu biyu ne muka san wadda ake tafa wa. Abu ɗaya da ya rage min a kanta ke nan, kuma ko shi sai da aka raba da Auta.

Na ajiye kofin na tafa tare da su.